Biznen Baba

Ranar da Inna ta kawo mini tulun, da hantsi ta shigo, ko aike ba ta yi ba. Ina zaune a tsakar gidana a unguwar Zariya ina tsintar shinkafa, sai na ga mace ta sunkuyo ta ƙofa da tulu a ka, an naɗe shi da tsohon zane. Inna ba mai zuwa Maraɗi ba ce haka kawai. Daga Tsibiri tafiyar ba nisa, amma a ganinta birni wurin hayaƙin babura ne da mutanen da ba sa tsayawa gaisuwa, sai suna ko rasuwa ke kawo ta. Shi ya sa na miƙe ina tambaya wa ya rasu.

"Ba wanda yam mutu," in ji ta. "Kama mani in sauke. A hankali, ke, ba ruwa ba na."

Ina kamawa na gane shi. Tulun iri ne, bakinsa toshe da yumɓu, da shatin yatsun Inna a jikin yumɓun. A ciki akwai zango, geron gidanmu mai doguwar zangarniya, wanda kakana ya bar wa Baba. Kowace kaka Inna ce ke zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ta sussuke, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta rufe. Da can tulu biyu take cikawa, kuma da sauran damma a rumbu ko da wani abu zai faru. A waccan shekarar wannan tulu guda shi ne ya rage, kuma na san haka tun kafin ta faɗa.

"Sa shi ƙarƙashin gadonki," ta ce. "Babanku ya sauko da sungumi jiya. Sai ruwa na gaskiya ya sauka za ki maido shi. Ko wa yaz zo, ba ki gani ba."

Na ce to.

Wanda bai tashi gidan manoma ba zai yi mamakin mace ta ɓoye wa mijinta iri. To, Baba ɗan bizne ne. Bizne shi ne mutum ya shuka gonarsa a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya rufe, ya koma gida ya jira. In aka yi sa'a ruwan farko ya zo da ƙarfi, ranar da maƙwabta ke neman inda suka jefa sungumi shi geronsa ya fara tsiro, ya tsere wa ciyawa, ya tsere wa kowa. In kuwa yayyafi ne, irin wanda zai jiƙa saman ƙasa ya ɗauke, to ƙwayar za ta farka ta fito da ɗan farin kai, rana ta ƙone ta. In ba a yi ruwan ba sam, ɓeraye da tururuwa da zabin daji su samu na ci. Manoma da yawa suna yin bizne, amma da dabara: su bizne gefe guda da geron da ba su damu da shi ba, iri na gari ya jira ruwa. Baba shi duk gonar yake yi, kuma da zango.

Shekara guda ce ta jawo mana wannan. Ina ƙaramar yarinya lokacin, ban daɗe da shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Baba ya bizne gonarsa ta bakin hanya, ba don wani sani ba, sai don an kira shi wani aiki kuma yana tsoron ruwa ya sauka ba ya nan. Aka kuwa tafka ruwa a kan biznen, sannan aka ɗauke na wani lokaci, har waɗanda suka shuka daga baya shukarsu ta wahala. Tasa ta riga ta kafa saiwa. Da kaka ta yi, zangarniyar gonarmu ta fi hannun babban mutum tsawo. Masu wucewa suka riƙa sauka daga jakuna suna kallo. Wani maroƙi ya tsaya bakin gona ya yi wa Baba kirari ba wanda ya gayyace shi, har Baba ya cire hularsa ya ba shi. Ina tuna fuskarsa a ranar, ban taɓa ganin ta haka ba. Ya ɗauki zangarniya guda ya rataye a ɗakinsa, kuma har na yi aure tana nan, ta yi baƙi, ƙwari sun cinye ƙwayar sun bar sanda.

Tun daga nan bai sake jiran ruwa ba. A shekarun da suka biyo baya biznen ya ɗan yi kyau jefi-jefi, amma mafi yawa sai an sake shuka da tulu na biyu. Baba ba ya lissafin waɗannan shekarun. In ka tuna masa sai ya ce ai bara iska ce, waccan kuma ɓeraye ne, kowace faɗuwa da nata uzuri. Amma ka taɓo shekarar maroƙin, zai faɗa maka har launin hular da ya bayar.

A makarantar horon malamai wani malaminmu ya taɓa ba mu labarin yadda masu binciken ɗabi'a ke gwada tantabaru. A sa tsuntsu a akwati, in ya caki wani wuri ƙwayar hatsi ta faɗo masa. Wanda ake ba duk lokacin da ya caka, ranar da aka daina zai ɗan gwada ya haƙura. Wanda kuwa ake ba jefi-jefi, bai san yaushe za ta faɗo ba, shi ba ya haƙura da wuri, caka kawai yake yi. Malamin so yake mu gane yadda yabo ke aiki a kan yara a aji. Aka yi dariya, ni ma na fara, sai dariyar ta maƙale mini, don Baba na gani da sungumi a kafaɗa. Na yi istigfari a zuci, ba a kwatanta uba da tsuntsu. Amma ban iya mantawa ba.

Shekarar tulun kuwa, kowa a Maraɗi caka yake yi. An shigo zamanin jam'iyyu, an karya darajar kuɗinmu na sefa, kaya sun yi tashin gwauron zabi a kasuwa. Mu malamai yau muna aji, gobe muna yajin aiki, har yara suka daina tambaya ko akwai lakwal. Motocin siyasa na yawo da lasifika, kuma tun ranar da wata ta jefa wa matan unguwarmu turamen atamfa, duk motar da ta yi ƙara sai ka ga mata sun fito da gudu, ko da mai tallar maganin basir ne. Na yi ta yi musu tsiya, alhali ni ma kunnena na kan rediyo kullum, ko za a ce an sasanta. Abin da ya fi damuna shi ne, a irin wannan shekara in iri ya ƙone ba inda za a je. Ma'aikatan gona da za su taimaka da iri su ma suna yajin aiki, suna gindin bishiya kamar mu. Geron kasuwa akwai, ga mai hali, amma zangon kakana ba a kasuwa yake ba.

Tulun ya hana ni sakat. Da safe kafin in ɗora ruwan koko sai na durƙusa na leƙa shi. In na ji sallamar namiji a waje sai in ɗauka Baba ne ya biyo shi. Maigidana ya tafi sayo kaya ƙetaren iyaka, ba wanda zan yi shawara da shi, don haka na tari babur ɗin kabu-kabu na nufi Jiratawa wurin Yaya.

Yaya shi ne babban ɗan Baba. Ya bar Tsibiri ne bayan wata rigima da suka yi a kan biznen nan, ya samu ɗan fili a gonakin ban-ruwa na Jiratawa yana noman barkono da zogale. Yakan ce shi ya gaji da kallon sama, gara kaɗan da ya tabbata. Na same shi zaune a bakin magudanar ruwa da wasu manoma, magudanar a bushe ƙamas, kowa ya zuba wa bututun ido.

"Ina ruwan naku da ya tabbata?" na tambaye shi bayan mun gaisa.

Ya yi dariya. "Ke dai bari. Tun da ƙasa tar rikice, hwamfon ga sai ya ga dama. Shekaranjiya mun tashi mun tahi gida, sai ga ruwa, waɗanda sunka zauna sunka sha. Shi ya sa yanzu ba mai tashi."

Na ja shi gefe na faɗa masa zancen tulun, na roƙe shi ya karɓa ya ajiye, tun da shi namiji ne kuma babba.

"Ni?" ya ce. "Kina tsammani Inna ba ta san hanyar Jiratawa ba? Ta san abin da yas sa ta kai miki. Ni in ya zo nan, shigowa za ya yi har ɗaki ya ɗauka, in na hana ya yi mani baki. Ke kau gidan mijinki na. Kin taɓa ganin ya taka gidan suruki?"

Sai a lokacin na gane dabarar Inna. Tun da na yi aure Baba bai taɓa shiga gidana ba, ko ranar suna a waje ya tsaya ya yi addu'a ya juya. Kunya ce irin ta mutanenmu, uba ba ya zarya gidan ɗiyarsa. Inna ta sa tulun ne a wuri guda a duniya da ƙafar Baba ba za ta shiga ba. Hankalina ya ɗan kwanta. Yaya ya ɗebo mini wani gero a ƙaramin buhu, irin da ake ba su a ƙungiyar manoma, mai saurin nuna, ya ce in abin ya matsa in ba Baba wannan ya bizne, zango ya jira ruwa.

Mun yi daidai da muka ce ba zai shiga ba. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, ba sai ya shiga ba.

Bayan ƴan kwanaki, rana ta fara zafi, maƙwabciyata ta leƙo ta ce akwai wani dattijo zaune gindin dogon yaron ƙofar gidanmu tun ɗazu, da keke a jingine, ya ce kada a kira kowa. Na san ko wane ne kafin in ɗauki mayafi. Na fita na same shi zaune a ƙasa a kan buzunsa, ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a. Na durƙusa.

"Baba, ina kwana? Kun zo lahiya? Ku shigo daga ciki mana."

"Lahiya lau, Madam." Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, wani lokaci don tsokana, wani lokaci don in san ransa a ɓace yake. "Ban zo shiga ba. Ajiyar ubana naz zo ɗauka."

Na yi niyyar cewa ban gani ba, yadda Inna ta ce, amma bakina ya ƙi. Na koma ciki na kawo ruwa a kwano da buhun da Yaya ya ba ni. Ruwan bai kalla ba. Ya sa hannu a buhun ya ɗebo, ya bari ya zube ta tsakanin yatsunsa.

"Wanga na yaron Jiratawa na ko? Zangarniyarshi ba ta kai tahin hannu ba. Wa za ya tsaya bakin hanya ya dubi wanga?"

"Baba, ci za mu yi, ba kallo ba."

Maganar ta fita kafin in kama ta. Ya dube ni, ya kau da kai. Can sai ya fara jero mini alamu cikin sanyin murya. Shamuwa ta iso, ya gan ta da idonsa a kan tsamiya. Gawo ya fara zubar da ganye. Wani tsoho cikin Annan ƙauyen da ke bayan gonarmu, masu bin al'adar kakanni, ya ce tun wajen bikinsu na buɗin daji an ga damina mai saurin zuwa. Baba mutum ne mai salla a kan lokaci, kuma in tsohon nan ya faɗi abin da bai yi masa daɗi ba, cewa yake ai zancen arna ne. Bana da maganar ta zo daidai da son ransa, tsohon ya zama masani.

"Bara ma shamuwa ta zo, Baba," na ce.

"Bara bara ta."

"To ku raba biyu. Ku bizne rabi, rabi ya jira ruwa. Ko mi yaf faru muna da iri."

Ya girgiza kai. "In ruwan ya zo daidai fa? In tsaya ina kallon rabin gonata tsirara, in san da hannuna na hana ta? A'a, Madam. Wanga ban iyawa."

Wannan amsar ta fi komai ba ni tsoro. Na gane cewa a wurinsa rasa irin gaba ɗaya bai kai zafin a ce ruwa ya zo bai cika gona ba. Ni ina ganin tulu wayam da yunwar baɗi, shi kuma mutanen bakin hanya yake gani. Na ce masa Inna ce ta ba ni amana, ba zan iya bayarwa ba sai da saninta. Ya ce to, ba komai, shi ba ya sauri.

Na koma ciki na zauna a bakin gado, tulun yana ƙarƙashina. Aka kira azahar, na leƙa ta kafar ƙofa, na ga ya tafi masallacin bakin titi ya dawo ya zauna inda yake. Inuwar dogon yaron ta matsa, shi bai matsa ba. Na aika masa da tuwo, ya dawo yadda ya tafi. Masu kabu-kabu da ke tsayawa a kwanar gidanmu suka fara kallo suna magana ƙasa-ƙasa. Matan unguwa kuwa kowace sai ta samu dalilin wucewa ta ƙofarmu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushinsa, na ji haushin Inna da ta ɗora mini wannan kaya, na ji haushin Yaya da ke zaune lafiya a bakin bututunsa. A ƙarƙashin haushin duka kuma tausayi ne, don tsoho ne, kuma zafin bazarar Maraɗi ba abin wasa ba ne.

Da la'asar limamin unguwarmu ya yi sallama ya tsaya a zaure. Bai tambayi mene ne tsakaninmu ba.

"Ɗiyata," ya ce, "ko mi na na, ba a barin uba a titi."

Na shiga na jawo tulun. Na tsaya ina kallon yumɓun bakinsa, ina tunanin in fasa in ɗebi ko tafi guda in ɓoye, amma shatin yatsun Inna na kai, Baba zai gane an taɓa, kuma zai koma ya zauna. Na fito da shi na ajiye a gabansa. Ya shafa shi, ya warware rawaninsa ya ɗaure shi a bayan keke da kyau, ya gwada ya ga ba ya motsi. Sannan ya ɗauki kwanon ruwan da ya ƙi sha tun safe ya shanye.

"Allah shi yi miki albarka," ya ce.

Na amsa da amin, amma ban taɓa jin albarkar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

Washegari na bi shi Tsibiri, tun da dai ba lakwal. Na tarar har sun yi nisa a gona. Baba na gaba yana sara da sungumi, ƙura na tashi daga kowane rami, Inna na biye da ƙwarya tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Ita da ta ɓoye shi, ita ke zuba shi a ƙasa, don ta ce in ta bar wa wani zai yi ɓarna. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Na san za ya zo. Kwanaki naka son in ja, ko ruwa ya riga shi. Kama ƙwaryar ga, bayana ya gaji."

Na karɓa na bi bayan Baba har muka kai ƙarshen gona. Da muka gama Inna ta kifa tulun ta bubbuga gindinsa, toka kaɗai ta zubo.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Tun da nake ban taɓa roƙon Allah kada a yi ruwa ba sai a lokacin. Addu'ata ta zama mai sharaɗi, ko a yi mai yawa ko a bari. In na ga ɗan gajimare ya taso daga gabas sai in tsaya ina kallonsa, in ya watse in yi ajiyar zuciya, sannan in tuna ɓeraye na can suna tono, hankalina ya sake tashi. Na koma Maraɗi na kasa zama. Wata rana da yamma aka yi yayyafi a unguwarmu ta Zariya, ɗan kaɗan, wanda ya tayar da ƙamshin ƙasa ya ɗauke. Yara na murna a titi, ni kuwa na fito ko takalmi ban daidaita ba na tari kabu-kabu. Duk hanya ina duban ƙasa, jiƙaƙƙiya ce har muka fita gari, sannan a hankali ta koma fara. Yayyafin bai kai Tsibiri ba. Na sauka, na ce ba zan sake komawa birni ba sai an yi ta ta ƙare.

Kowace safiya Inna na zuwa gona ta tona rami ɗaya ko biyu da yatsa ta ga ko ƙwayar na nan. Wani ta samu, wani ta tarar da sawun ɓera. Ta rame, ta daina hira. Baba kuwa, abin da ya ba ni mamaki, bai taɓa yin kyau kamar a kwanakin nan ba. Yana cin abinci da daɗi, yana tsokanar jikoki, yana zama ƙofar gida fuskarsa a gabas yana murmushi shi kaɗai. Mu jiran yana cinye mu, shi kuwa jiran ma wani daɗi ne a wurinsa.

Ranar da hadarin ya haɗu, bayan azahar ne. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe tabarmi da kwanoni. Muka tsaya a ƙofar ɗakin Inna ni da ita. Aka fara ɗigowa, manya-manyan ɗigo, ɗaya nan ɗaya can, sai kuma aka tsaya. Iska ta kwanta. Inna ta kama hannuna ta matse har na ji zafi, ina jin tana cewa, "Kada ka tsaya nan, ya Allah, kada ka tsaya nan." Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Sai kawai sama ta buɗe, ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ba ma ganin rumbu daga inda muke.

Baba ya fito tsakar gida ya tsaya a cikinsa, rigarsa ta manne a jiki, yana dariya yana nuna mu da yatsa.

"Madam! Ina lissahinki? Ku hito ku gani!"

Da aka ɗauke, Inna ta je bakin danga ta tura hannu cikin ƙasa, ya shige har ya wuce wuyan hannu, duk danshi. Ta ce alhamdu lillahi, ta maimaita. Na rungume ta ina kuka don murna, na ce Inna mun tsira. Ta zare hannunta tana goge laka a zane, tana kallon Baba da ke ƙofar gida mutane sun fara taruwa suna yi masa barka.

"Bana mun tsira," ta ce. "Amma irin ya tahi. An sake ba shi sa'a, wa za ya hana shi bizne kuma?"

A lokacin na ga kamar ta cika baƙin rai. Damina ta yi kyau, zango ya tashi ya fi mutum tsawo, zangarniya ta yi yadda ta yi a shekarar maroƙin. Masu wucewa suka riƙa tsayar da babura suna kallo. Har wata motar siyasa ta tsaya, suka ɗauki hoto a gaban gonar kamar su suka noma. Yaya ya zo daga Jiratawa ya zagaya gonar, Baba na biye da shi yana tambayarsa lafiyar barkono. Ni ma na sha tsiya, duk wanda ya zo sai an ba shi labarin Madam da ta so a shuka geron kaji.

Da aka zo zaɓen iri, Baba ya ce bana shi zai yi da kansa. Ya zaɓa, ya sa aka sussuke, ya karɓi toka daga hannun Inna ya cuɗa, ya toshe bakin tulun da yumɓu, shatin yatsunsa a kai. Ya ɗauka ya kai ɗakinsa ya ajiye ƙarƙashin tsohuwar zangarniyar nan, ya rataya sabuwa kusa da ita. Inna ba ta yi musu ba. Daga ranar ba ta sake riƙe irin gidanmu ba.

Zango bai daɗe ba bayan haka. Shekara ta zo da yayyafin da muke tsoro ya sauka a Tsibiri, ya jiƙa saman ƙasa ya ɗauke, kuma Baba ya riga ya zuba duk abin da ke ɗakinsa a gona, har da tulu na biyu, don ya ƙara fili. Na je na gani da idona, layi-layi na ɗan farin tsiro a kwance, rana ta dafa shi. Muka nema wurin dangi da maƙwabta, aka samu masu dogon gero, amma ba namu ba ne, Inna na gani ta ce ba shi ba ne. Geron kasuwa aka shuka a waccan shekara.

Da bazara ta sake zagayowa na je Tsibiri gaishe su. Sama fes, ko alamar gajimare babu. Na tarar da Baba a ƙofar gida yana gyara ƙotar sungumi, buhun geron kasuwa a gefensa, ya tsufa sosai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗago ya dube ni, fuskarsa na haske irin na waccan ranar, ya nuna gabas da haɓa.

"Bana kam, Madam," ya ce. "Bana kam."